Man Injin Yankan Itace: Na Gwangwani Ko Haɗin Gora?



Duk wanda ke bi ta Sharada ko Bompai a farkon damina ya san abin da iskar hadarin farko ke yi. Kafin ruwa ya sauka, iska ta riga ta karya rassan dogon yaro, ta kwantar da itatuwan turare a kan katangun masana'antu, wani reshen kuma ya rataya a kan wayar lantarki ta KEDCO, layi guda ya kwana a duhu. Gari na wayewa sai a shiga neman mai injin yankan itace. Zai zo a kan babur, inji ɗaure a baya, yaronsa riƙe da jarka da igiya. Yau a kan abin da ke cikin jarkar nan za mu yi magana, domin akwai wani mai da ake sayarwa a gwangwani, wanda aka riga aka haɗa shi tun daga kamfani, masu wannan sana'a a Turai da Amurka kuma sun daɗe suna muhawara a kan ko ya ci kuɗinsa. Masu sayen inji a wajen dillalai da masu kallon bidiyon sana'ar a waya sun fara jin labarinsa a nan. Tambayar ita ce, mu a Kano, ina ya dace da mu, ina kuma bai dace ba?

Sai mun fara da yadda injin yake. Mota tana da wurin baƙin mai daban, tankin fetur daban. Baƙin man yana zagayawa, yana shafe ƙarafa, yana komawa mazauninsa har ranar juye. Injin yankan itace ba haka aka ƙera shi ba. Inji ne mai bugu biyu, irin na tsohuwar Vespa da ƙaramin janareta Tiger da kowa ya sani. Ba shi da ma'ajiyar baƙin mai, domin ana juya shi ta kowane gefe, a kwance, a tsaye, wani lokaci kansa ƙasa. Saboda haka man da zai shafe fistin da ƙarafan ciki dole ya shiga tare da fetur, ya yi aikinsa a kan hanya, sannan ya ƙone ya fita ta salansa. Wasu injunan na zamani kan haura juyi 12,000 a minti ɗaya, kuma iska ce kawai ke sanyaya su. A Kano, a watan Afrilu, iskar ma da zafinta take zuwa, tunda ma'aunin zafi kan wuce 40. Rayuwar injin gaba ɗaya tana rataye ne a kan ɗan man nan da aka zuba cikin fetur.

Kamfanonin da suka yi suna a wannan fage, irin su Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin, suna cewa a yi haɗin kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, idan man nagari ne. Ma'ana mililita 20 a lita ɗaya, mililita 100 a lita 5. Yawancin injunan Sin masu araha kuma, waɗanda suka cika shagunan Sabon Gari, an rubuta musu 25 da 1, wato mililita 40 a lita. Lissafi ne mai sauƙi a takarda.

To amma ku je ku tsaya inda ake aikin. Yaron mai inji zai ɗauko gorar ruwa wadda aka shanye, ya tsiyaya fetur daga jarka, ya buɗe robar mai, ya zuba murfi ɗaya, ya ɗaga gorar ya duba ta a rana, ya ga launin bai yi masa ba, ya ƙara rabin murfi. Ya toshe bakin da babban yatsa ya girgiza. Maigidan na can yana wasa haƙoran sarƙa, ko ɗagowa bai yi ba, sai dai ya ce, "Kai, ka sa da ɗan yawa, yau akwai rana." Murfin wace roba? Na yau daban da na jiya. Gorar lita ɗaya ce ko ɗaya da rabi? Ba wanda ya tambaya. Man kuwa, idan an yi sa'a na inji mai bugu biyu ne, wanda ake rubuta wa 2T. Idan ba a yi sa'a ba, baƙin man mota ne da aka sayo a kwalba a bakin titi.

Ba raina masu sana'ar nake yi ba. Akwai waɗanda idonsu ya goge har haɗinsu kan zo daidai kusan kullum, kuma ga injunansu nan shekara da shekaru suna aiki. Sai dai bakanike ne ke ganin ragowar. Idan mai ya yi kaɗan, fistin ya yi zafi ya kumbura, ya kankare bangon silinda, inji ya tsaya cak a tsakiyar gungume. Idan bakanike ya kwance salansa ya leƙa ta ramin, za ka ga zane-zane a jikin fistin daga sama har ƙasa, zoben kuma ya maƙale a gurbinsa. Wannan sai sabon fistin, sau da yawa har da silinda. Idan kuma mai ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe, filogi ya jiƙe ya yi baƙi, gawayi ya toshe salansa, inji ya rasa ƙarfi, a yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage. Baƙin man mota kuwa ba don a ƙona shi aka yi shi ba. Sinadaran da ke cikinsa toka suke bari a kan fistin, kuma ba ya gauraya da fetur yadda na 2T ke yi.

Wannan matsala ce man gwangwani ya zo magancewa, ko da yake ba daga nan labarinsa ya faro ba. A Suwidin, ƙasar da ke da dazuzzuka da dubban masu yankan katako, ma'aikata sun daɗe suna kukan ciwon kai da jiri da tashin zuciya bayan sun yini suna shaƙar hayaƙin inji. A 1988 wani mai suna Roland Elmäng ya kafa kamfanin Aspen, ya fara sayar musu da wani nau'in fetur da ake kira alkilet. Ba daga ɗanyen mai kai tsaye ake tace shi ba. Iskar gas ɗin da ke fita a matata ake haɗawa, sai ta zama ruwan mai mai tsabta ƙwarai. Fetur ɗin gidan mai a Turai doka ta yarda ya ƙunshi benzin har kashi 1 cikin 100, da sauran danginsa har kashi 35. A alkilet benzin bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, danginsa ma kaɗan ne ainun. Benzin kuwa hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi a sahun farko na abubuwan da ke jawo cutar, musamman ta jini. Daga baya Stihl ya fito da nasa mai suna MotoMix, Husqvarna ma da nasa, a Amurka kuma akwai TruFuel. Duk an riga an zuba musu man 2T daidai awo. Buɗe gwangwani kawai za ka yi ka zuba.

Wani amfanin man gwangwani kuma shi ne ajiya. Fetur ɗin da aka haɗa da mai ba ya son zama. Sassansa marasa nauyi suna tashi, ragowar ya yi danƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireta. Shi ya sa kamfanin Stihl da kansa ke cewa kada a ajiye haɗi fiye da kwana 30. A ƙasashen da ake gauraya fetur da etanol, kamar Ingila da ta koma kashi 10 a watan Satumban 2021, abin ya fi muni, domin etanol yana jan ruwa daga iska, yana kuma cin robobin cikin inji. Alkilet kuwa masu yin sa suna cewa yana shekaru a gwangwani bai lalace ba.

Idan aka tsaya nan, sai a ce to me ake jira? A nan ne aljihu ke shigowa.

A Turai kanta, litar man gwangwani takan kai ninki uku na litar gidan mai, wani lokaci fiye, kuma fetur ɗinsu ya riga ya fi namu tsada. Kafin ya iso Kano sai an saya da kuɗin waje, a naira da aka saki a watan Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a dala ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Sai kuɗin jirgin ruwa, sai kwastan, sai motar da za ta ɗauko kaya mai kama wuta daga Legas ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000, sai ribar dillali. Bari mu yi wa gwangwanin adalcin da ma bai samu ba, mu ce ninki uku kawai na fetur ɗinmu zai tsaya. Mu ɗauki lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi. Mai babban inji irin Stihl 070, wanda masu tsaga katako suka fi so, tankinsa ya haura lita ɗaya, kuma ba ya daɗewa yake shanye ta. A ce ya ƙona lita 5 a yini. Da fetur ɗin gidan mai naira 5,000 ke nan, sai kuɗin mililita 100 na mai. Da gwangwani 15,000. A kwana 20 na aiki, bambancin ya doshi naira 200,000. Ko da duk wata injinsa zai buga fistin, gyaran ba lallai ya ci haka ba. Mutumin da tun ranar 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin mai, yake jayayya da masu ba shi aiki a kan kuɗin fetur, ba za ka zo masa da wannan lissafi ya saurare ka ba, kuma yana da gaskiya.

Akwai ma wani abin da masu talla ba sa saurin faɗa. Tsohon injin da ya shekara yana shan fetur ɗin gidan mai, robobin kafiretarsa da bututun mai sun riga sun kumbura sun saba. Idan aka juya shi zuwa alkilet, sukan tsuke, inji ya fara yoyo ko ya ƙi daidaita, sai an sake robobin an kuma sake saita kafireta. Sannan gwangwanin ba ruwansa da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, ba ya wasa sarƙa, ba ya kuma hana a cika tankin man sarƙa da tsohon baƙin man da aka juye daga mota, wanda ke fantsama a hannu da fuska da riga duk yini. Wannan ɗabi'ar ta ƙarshe, a ganina, ta fi haɗin gora illa ga jikin mai aiki, ga ta kuma kusan kowa na yi.

Duk da haka ba zan ce a watsar da maganar gwangwani ba, domin akwai injin da shi ne maganinsa: injin da ba ya aiki. Masana'antu da yawa a Bompai, wadda ita ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano tun shekarun 1950, da Sharada da Chalawa da suka biyo baya, suna da manyan filaye cike da itatuwan da aka dasa shekaru da dama da suka wuce. Wasu sukan sayi injinsu su ajiye a sito saboda ranar da itace zai faɗo a bakin ƙofa ya tare tirela. Haka manyan makarantu da asibitoci da masu aikin ceto. Irin wannan inji yakan yi aikin awa biyu a watan Yuni, a mayar da shi sito da ragowar haɗi a tanki, ba a sake waiwayarsa sai baɗi. Ranar da ake buƙatarsa, ranar zai ƙi tashi, domin man ya zama danƙo. Ga mai irin wannan inji, lita 5 za ta iya kai shi shekara, kuma bambancin kuɗin bai kai na zuwan bakanike sau ɗaya da asarar rabin yini da motoci a tsaye ba. A nan gwangwani ya ci kuɗinsa har da riba.

Na biyu da gwangwani ya dace da shi kuma shi ne mai hawa itace. Sare itace daga gindi daban, rage masa rassa daga sama daban. Wanda ya hau madaci a unguwar Nasarawa don ya sauke reshen da ke barazana ga rufin gida, ƙaramin inji yake riƙewa, tankinsa bai fi sulusin lita ba, salansar kuma tana dab da hancinsa, ganye ya kewaye shi, hayaƙi ba ya samun hanyar fita. Mai kaɗan yake ƙonawa, hayaƙi mai yawa yake shaƙa, kuma jiri a saman itace ba abin wasa ba ne. Injin da ya mutu a tsakiyar yanka, reshe ya tsage rabi yana lilo, shi ma hatsari ne na kansa. Idan akwai wanda ya cancanci a saya masa mai mafi tsabta a wannan sana'a, shi ne. Sai dai a lura, alkilet bai kawar da iskar nan mai kisa da ke fita daga kowane inji ba, wadda ke hallaka iyalai idan an kwana da janareta a ɗaki. Rage guba yake yi, ba ya mayar da hayaƙi iskar shaƙa.

To sauran fa, waɗanda su ne mafi yawa? A nan nake ganin mun fi buƙatar mu gane abin da gwangwanin ke sayarwa. Abu uku ne a ciki: fetur mai kyau, mai na ainihi, da awo wanda ba ya canzawa. Biyu daga ciki ana iya samunsu a Kano yau da kuɗi kaɗan. Sirinji babba ta kantin magani tana auna mililita 20 ba kuskure. Jarka ɗaya mai lita 5, a yi mata alama, a ware ta don haɗi kawai, a fara zuba mai da ɗan fetur a girgiza sannan a cika. Man kuma a duba jikin robar, a nemi wanda aka rubuta don inji mai sanyaya da iska, mai alamar JASO FC ko FD. Na injin kwale-kwale ba nasa ba ne, ko da shi ma 2T aka rubuta. A haɗa abin da za a ƙona cikin 'yan kwanaki, a ajiye jarka a inuwa, ba a kan bodin mota a rana ba.

Na ukun, wato ingancin fetur, shi ne wanda ba ya hannun mai inji gaba ɗaya. Ba mu manta watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, layuka suka dawo gidajen mai. Wancan a gidan mai ma ke nan. Ballantana na galan a bakin titi, wanda ba ka san kwanansa nawa a rana ba, ba ka kuma san ko an taɓa shi da wani abu ba. Ba duk 'yan bumburutu ke algus ba, kuma sun sha fitar da mutane kunya a ranar da gidajen mai suka rufe. Amma mota mai tankin lita 50 tana iya haɗiye lita biyu marasa kyau ta wuce. Injin yankan itace abin da ka zuba masa shi kaɗai yake da shi. Tun da matatar Dangote ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024, dogayen layuka sun ragu, saboda haka uzurin sayen na galan ma ya ragu. Sa ido a kan abin da gidajen mai ke sayarwa kuwa aikin hukumar NMDPRA ne, na jabun man inji kuma aikin hukumar SON.

Wani abin da ya sa wannan magana ta zo a kan gaɓa shi ne matakin da gwamnatin Kano ta ɗauka a watan Satumban 2025. Ma'aikatar muhalli, ƙarƙashin kwamishina Dahiru Muhammad Hashim, ta haramta amfani da injin yankan itace ba tare da izini ba. Mai inji sai ya yi rajista ya karɓi lasisi, sare itace ko rage shi sai da takarda, wanda aka kama yana aiki ba lasisi kuma tarar naira 500,000 na jiransa. Manufar ita ce kare itatuwa, kuma jihar da hamada ke matsowa ba ta da zaɓi. Amma tunda an ce masu inji su zo su yi layi a rubuta sunayensu, to ga dama ta samu. Ranar karɓar lasisi, rabin awa ta isa a nuna wa mutum awon mai, a nuna masa fistin ɗin da ya ƙone ya riƙe a hannunsa, a gaya masa illar tsohon baƙin mai a fata. Wanda aka karɓi kuɗin lasisi a hannunsa ya kamata ya koma gida da wani abu ban da rasit.

Sai 'yan kasuwarmu. Kano ba baƙuwar harkar man inji ba ce. Kamfanin Ammasco a nan garin yake haɗa nasa, kuma masana'antun roba sun cika Sharada da Chalawa, suna buga jarkoki da robobi iri-iri. Ba sai mun yi alkilet ba. Abin da ya fi ƙarfinmu a yanzu ke nan, tunda aikin matata ne. Amma ƙaramar leda ko 'yar roba mai mililita 20 ta man 2T na ainihi, a rubuta mata da Hausa da ajami cewa wannan na lita ɗaya ne, da wata mai 100 ta lita 5, wannan ba ya buƙatar sabuwar fasaha. Mun ga yadda ƙulla madara da omo a ƙananan leda ya kai su kowane kanti a ƙauye. Kasuwar kuma ba ta masu yankan itace kaɗai ba ce. Kwastan ta sanar da hana shigo da ƙananan janareta masu yawa tun 2015 saboda hayaƙinsu, amma ga su nan a gaban shagunan aski da na caji, kowanne ana masa haɗin ido. Ga injin feshi na goyo a gonakin Kadawa da Kura, ga injin yankan ciyawa. Duk awo ɗaya suke nema.

Masu ba da aiki kuma, musamman manajojin masana'antu da ke kiran mai inji bayan iska ta yi ɓarna, akwai abin da ke hannunku. Idan aka yi jinga dunƙule, kuɗin mai a ciki, to duk nairar da mai inji ya rage a kan mai ribarsa ce, kuma zai rage. Ku ware kuɗin fetur da na 2T daban, ko ku aiki direba ya sayo a gidan mai da robar mai a rufe, a yi haɗin a gabanku. Idan kuma injin naku ne na sito, ba ku sami na gwangwani ba, to bayan an gama aiki a juye tankin, a tayar da injin a bar shi yana aiki a hankali har ya shanye abin da ya rage a kafireta ya mutu da kansa, sannan a goge shi a mayar. A rubuta ranar a jikin kwalinsa, kuma a sa wani ya fito da shi ya gwada tun a watan Afrilu, kafin hadarin farko ya haɗo.